Injin Kilishi a Gidan Surukai

Tunda na dawo daga Legas ba a bar ni na huta ba. A shago tambaya, a majalisa tambaya, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai sake ba sai na faɗa masa abin da na je yi. Bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in koma kan waldata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, walda nake yi a Funtuwa. Shekara biyu na kwashe a ɗakin baya na gidana ina haɗa wani inji da zai fere nama ya fito falle-falle, irin yadda masu kilishi ke yi da wuƙa. Ba ya cin wuta, ba ya shan fetur, da hannu ake juya shi. Ban da matata Hadiza ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma ba wayo ne ya sa na ɓoye ba, tsoron dariya ne. Na taɓa haɗa injin surfe da ya watsa wa maƙwabcina masara har cikin ɗaki, aka shekara ana yi da ni a unguwa.

Da injin ya fara aiki sai wani tsoron ya kama ni. Na san 'yan sana'armu, don ni ma a cikinsu nake: mu ga abu sau ɗaya, mu auna da ido, jibi mun ƙera goma. Ana cikin haka wani tsohon malamina na makarantar koyon sana'a ya turo mini saƙo, wai za a yi bita ta kwana uku a Ikeja, ta ɗalibai da masu sana'ar hannu, a kan yadda mutum ke samun takardar mallakar abin da ya ƙirƙira, wadda suke ce wa fatent. Na ce shi ke nan, tafiya ta kama ni.

Matsalar guda ce. Mahaifin Hadiza a Agege ta Legas yake, babban mahauci ne a mayankar Oko-Oba, ya fi shekara arba'in a can. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Ita Hadiza a hannun kakarta ta tashi a nan Funtuwa, shi ya sa a shekara tara da aurenmu sau huɗu na taɓa ganinsa, kuma ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa. Na ce wa Hadiza kada ta gaya masa ina tafe, zan sauka wurin wani abokina, ranar dawowa in je in gaishe shi. Ta ce to.

Na kwance injin gunduwa-gunduwa, na naɗe wuƙaƙensa a tsohon zanenta, na zuba a akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana. A tasha ɗan kamasho ya ce a sa a but ɗin mota, na ce sai dai a sa ni tare da shi. Haka na ɗora shi a cinya tun daga Funtuwa. Kafin mu kai Kaduna na daina jin ƙafafuna. Kusa da ni wata Hajiya ce mai kai daddawa Legas, buhu biyu a ƙarƙashin kujerarmu, ga zafi, ga gilashi ya ƙi buɗewa. Ta tambaye ni abin da ke cikin akwatin sau uku, na ce kayan aiki ne, ta ce, "Haka mai maciji ya ce mana bara."

Bayan mun haye gadar Lokoja muka ci kifi a tsaye, direba yana ta matsa ham. Can gaba aka tsayar da mu a wani shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya ga mutum rungume da akwati yana gumi, ya ce in sauko. Na buɗe masa. Ya ɗaga zanen da bakin sanda, wuƙaƙe uku suka yi walƙiya.

Ya tambaye ni da Turanci ko mene ne wannan. Na ce inji ne.

"Na me?"

"Na yanka nama."

Ya ja da baya taku biyu. "Wane irin nama?"

Hajiya mai daddawa ce ta cece ni, ta leƙo ta taga ta daka masa tsawa da Yarabanci, kalmar da na gane a ciki saniya ce kawai, ita ma don ta yi ƙaho da yatsunta. Ya ce to in kawo rasiɗin inda na saya. Na ce ni na ƙera. Ya ce in kawo takardar da ta nuna haka. Na ce masa, ranka ya daɗe, takardar nan ita zan je nema a Legas. Ya dube ni, ya dubi ƙarafan, ya ce in rufe in hau mota, Allah ya ba ni lafiya.

Mun kwana a hanya, muka shiga Agege ranar Litinin da hantsi. Ina saukowa, ƙafafu kamar ba nawa ba, sai na ji an fizge akwatin.

"Oga Injiniya! Sannu da zuwa. Oya, mu je, Baba na jira."

Shu'aibu ne, ƙanin Hadiza, direban ƙaramar bas ɗin haya da suke ce wa danfo, haifaffen Legas. Abokin wasana ne, amma a ranar ban ji wasa ba. Na ce, "Wa ya ce maka ina zuwa?"

"Haba Yaya, wa bai sani ba? Har Ketu an sani."

Gidan dogo ne, ɗakuna na kallon juna, Hausawa da Yarabawa a gwamutse, kowa na jin abin da kowa ke soyawa. Na cire takalmi tun daga ƙofa, na durƙusa nesa da kujerar Baba. Ƙaton mutum ne, muryarsa na kaiwa bakin titi, kuma kowa a Agege ya san ba ya ajiye magana ta kwana a cikinsa. Amma da yake shi ma yana jin nauyina, ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina nan gabansa, tsakaninmu bai fi taku uku ba, sai ya ce, "Shu'aibu, tambayi Malam ya hanya."

Shu'aibu, bakinsa cike da tsiren da ya ɗauka daga farantin uban, ya ce, "Wai ya hanya?"

Abin da na gani ke nan ya ba ni mamaki a garin nan. Ɗa ya sa hannu a kwanon ubansa! Maƙwabcinsu Bayarabe kuwa, mijin 'yarsa ya zo, ya kwanta rub-da-ciki ya gaishe shi, yana tashi suka rungumi juna suka zauna cin abinci suna ƙyaƙyata dariya. Mu a durƙushe muke tsayawa, amma durƙuson namu ba ya ƙarewa.

Nan take Baba ya ce a gaya mini an gama shiri. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a haɗa injin a ƙofar gida, a sa masa albarka. Sarkin fawa zai zo, masu kilishi za su zo, an gaya wa mai kalangu, akwai ma wanda zai ɗauka a waya duniya ta gani. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na ce a raina, ashe haka Baba ya ɗauke ni.

Abinci kuwa wahala na sha. Aka kawo mini tuwon amala baƙi ƙirin da wata miya mai yauƙi da suke ce wa ewedu, ashe lalo ce ta canza suna. Ga nama kamar a mayanka. Yunwa kamar ta kashe ni, amma wa zai cinye kwano a gidan surukai? Na yi loma uku na rufe. Da yamma na zagaya bayan layi na sayi burodin Agege da dafaffen wake, na ɓuya bayan wata danfo ina turawa. Kafin in dawo gida mai waken ta aiko a tambaya ko baƙon Alhaji yana son ƙari.

Ranar Talata na kinkimi akwatina zuwa Ikeja. A tunanina lauya zai duba injin, ya buga masa hatimi, a miƙo mini takarda. Na shiga zauren na tarar da ɗalibai kowa da kwamfuta a cinya, ni kaɗai ne da akwatin ƙarfe. Malamar wata gajeriyar lauya ce, Barista Bisi, mai magana kamar tana yanka albasa, ƙwas-ƙwas. Ta tambayi abin da na ɗauko, na faɗa, aka kwashe da dariya. Ta tsawatar, ta ce doka ba ta buga wa ƙarfe hatimi. Bayani ake rubutawa, da zane, a nuna daidai wurin da abu ya bambanta da na kowa, a kai ofishin rajista a Abuja. In an ba ka, shekara ashirin ba mai ƙerawa ko sayarwa a ƙasar nan sai da izininka, bayan nan ya zama na kowa. Kuma in mutum biyu suka zo da abu ɗaya, wanda ya riga kai takarda shi ake saurara.

Sai ta ɗaga yatsu uku. Dole abin ya zama mai amfani da za a iya ƙerawa. Dole ya zama ba abin da kowane ɗan sana'a zai hango da kansa ba ne. Ina ta gyaɗa kai, ina cewa a raina nawa ya tsallake waɗannan biyun. Na ukun ta ce shi ne ke kashe mutane: dole ya zama sabo, ma'ana jama'a ba su taɓa ganin yadda yake aiki ba kafin ranar da ka kai takarda. Ko da kai da kanka ka nuna musu. Wani dattijon makanike da ke kusa da ni ya dafe kai, ashe shi nasa ya shekara yana yawo a waya.

Na ɗaga hannu na haɗa ɗan Turancina, na ce, "Madam, in mutum ɗari suka taru, ba saye za su yi ba, addu'a kawai za su yi masa fa?"

"Za a haɗa shi a gabansu? Za su ga yana aiki?"

"Har da kalangu."

Ta ce, "To Allah ya karɓi addu'ar. Takarda dai ka manta da ita."

Ban san yadda na dawo Agege ba. Na ja Shu'aibu gefe na zayyana masa komai, na ce ya gaya wa Baba a fasa. Ya daina taunar abin da yake tauna.

"Abeg, Yaya, cire ni a ciki. Ka san Alhaji Mudi?"

Ban san shi ba. Ashe wani mahauci ne da suka shekara talatin suna takun saƙa da Baba. Shi ya ce a gaban mahauta wai mai waldan ƙauye ba ya ƙera komai sai ƙyaure da murhu, kuma Baba ya ba da 'yarsa a banza. Baba ya rantse a wurin cewa ranar Juma'a zai nuna masa wanda ya ba wa 'yar.

Na kira Hadiza a waya raina a ɓace. Ta ce, "Ni cewa kawai na yi kana tafe."

"To injin fa?"

"Ai ya tambaye ni lafiyar gida ne."

Ranar Laraba bayan la'asar na yi ta maza. Na durƙusa gaban Baba, na buɗe baki, na ce, "Baba, dama..." Sai na ɓige da gyara bakin tabarma. Ya jira, na jira. Can ya ce, "Shu'aibu, ce wa Malam ya kwantar da hankalinsa, an ƙaro tabarmi." Na ce Allah ya ƙara girma, na tashi. Wallahi na ji haushin kaina, ƙato da ni, mai 'ya'ya uku.

Ranar Alhamis aka koya mana yadda ake bincika ko wani ya riga ka, da yadda ake rubuta bayanin, rabi na ji rabi ya wuce ni. Da aka tashi na tare Barista a bakin ƙofa na gaya mata halin da nake ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce akwai ƙofa ɗaya. In ka nuna wa mutum a asirce, da sharaɗin ba zai faɗa ba, wannan ba nuna wa jama'a ba ne. Na ce mu amana muke ce masa. Ta ce ya fi kyau ya sa hannu a takarda. Na ce, "Madam, surukina ne." Ta ce to sai me? Na ga ba za ta gane ba, na yi mata godiya, ta rubuta mini sunan wani lauya a Abuja da ke taimaka wa irinmu.

Juma'a da safe, an fara kafa rumfa a waje, na ɗauki akwatin na tsaya a ƙofar ɗakin Baba na yi sallama. Na ce wa Shu'aibu ya fita ya ja ƙofa. Baba ya ɗaga kai, don tunda aka ɗaura auren bai taɓa zama da ni mu biyu ba. Na zauna na haɗa injin, har na ɗaura wani ƙarfe a baibai na sake kwancewa. Na ɗauko tsokar naman da na sayo da asuba na ajiye.

Na ce, "Baba, amana ce."

Ya sauko daga kujera da kansa, ya kama hannun injin ya juya. Naman ya fito falle ɗaya, dogo, ya ɗaga shi wajen taga yana hango haske ta ciki. Sai a lokacin na lura da hannunsa, duk tabon wuƙa, babban yatsan hagu ba shi da kai. Ya sake juyawa. Ya sake.

Nan na gaya masa komai, ido a ƙasa, amma da bakina. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Wato in sun gani yau, ya tashi daga naka."

"Haka doka ta ce, Baba."

"Ko da ni na tara su?"

"Ko da ni na tara su da kaina."

Ya goge hannu a gefen rigarsa, ya ce in kwance in mayar akwati, lokacin masallaci ya yi. Bai ce an fasa ba, bai ce ba a fasa ba.

A masallaci ban ji huɗuba ba, lissafi nake da zuciyata. Wahalata ta shekara biyu a gefe guda, fuskar dattijo a gefe guda. Kafin a sallame na yanke shawara: zan buɗe. Inji na ƙera, zan iya ƙera wani. Amma in aka yi wa Baba dariya a ƙofar gidansa saboda ni, da wane ido zan kalli Hadiza?

Muka dawo muka tarar ƙofar gida ta cika maƙil. Sarkin fawa a kan kujera, mahauta a tabarmi, maƙwabta Yarabawa a tsaitsaye, mai kalangu na ta zuba kirari, wayoyi sama kamar ana rabon kaya. Shu'aibu ya nuna mini Alhaji Mudi da baki, wani siriri mai jar hula, ya zauna a sahun gaba ya harɗe ƙafa. Aka ajiye akwatin a tsakiya, aka yi addu'a aka shafa. Na durƙusa, na sa mabuɗi a kwaɗo.

Sai na ga inuwa ta rufe ni. Baba ne. Ya tattare babbar rigarsa, ya juya, ya zauna daram a kan akwatin, murfin ya yi ƙara. Da ƙyar na zare yatsuna.

Ya ce, "Jama'a, an gode, Allah ya ba da lada. Albarka aka ce za a sa, an sa. Ba za a buɗe ba."

Kalangu ya tsaya. Sarkin fawa ya ce, "Alhaji, wasa kake?"

"Ba wasa. Ni na yi azarɓaɓi, na tara ku kafin lokaci. Laifin nawa ne, ba na yaron nan ba. Mai zagi ya kawo nan."

Aka kuwa kawo. Alhaji Mudi ya miƙe yana dariya har hularsa na zamewa, ya ce, "Ban faɗa muku ba? Murhu ne a ciki! A buɗe mana mu ga murhu!" Wuri ya kaure. Wani ya ce ko tukunya ce, wani ya ce a ba mai kalangu haƙuri ya ɓata fatarsa a banza. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Kalma biyu ta ishe shi ya rufe bakin Mudi, tunda shi Baba ya ga injin da idonsa, ya juya shi da hannunsa. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ya rufe. Na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, a buɗe kawai, na yafe." Ko kallona bai yi ba, ya ƙara gyara zama.

Haka ya zauna, rana na dukansa, har aka gaji aka watse, aka naɗe tabarmi, aka kwance rumfa. Ni dai na sha kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin wani ya sha ta saboda ni ba sai ran nan. Idona ya cika, na sunkuyar da kai don kada Shu'aibu ya samu abin tsokana.

Da ya rage daga ni sai shi, ya miƙe da ƙyar yana dafe gwiwa. Murfin akwatin ya lotsa. Bai nemi Shu'aibu ba. Ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Malam Habu, ka yi sauri da takardar nan. Mudi zan gani kullum a mayanka, kuma na san bakina. In na yi ƙoƙari ƙwarai, wata biyu."

Washegari da sassafe na koma tasha da akwatina. Ɗan kamasho na ta kiran Funtuwa, Funtuwa, na wuce shi na hau motar Abuja.